Masu Kashe Wutar Gaba a Unguwannin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Raba Matasa da Bindiga

Duk wanda ke bin labaran Amurka ya saba jin an yi harbi a makaranta ko a kanti. Irin wannan shi ne ke cika kafafen labarai, amma ba shi ne ke cin mafi yawan rayuka ba. A harbin da wani ke yi wa wani, wanda ya fi yawa shi ne na unguwa, na dare, tsakanin samarin da suka san juna. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su shiga tsakanin waɗannan samari kafin kunamar bindiga ta tashi. Ga tambayoyin da masu karatu suka fi yi a kansu.

Yaya girman matsalar yake?

A shekarar 2021, alƙaluman hukumar CDC mai kula da cututtuka a Amurka sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe. Fiye da rabinsu, wato 26,328, su suka kashe kansu. Waɗanda wani ya harbe sun kai 20,958. Tun daga 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar.

Sai dai wannan masifa ba ta rabu daidai ba. Samari baƙar fata 'yan shekara 15 zuwa 34 ba su wuce kashi 2 cikin 100 na mutanen ƙasar ba, amma sun haura kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ake kashewa da bindiga. A cikin birni ɗaya ma, wata unguwar za ta yi shekara ba a ji ƙarar harsashi ba, wata kuwa mai tazarar minti goma a mota kusan kowane mako ana zaman makoki.

Me ya sa ba za a kwashe bindigogin kawai a huta ba?

Saboda kundin tsarin mulkinsu ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami tun gyaran da aka yi masa a 1791, kuma maganar taɓa wannan 'yanci tana raba kan 'yan siyasarsu gida biyu. An ƙiyasta cewa a 2017 bindigogin da ke hannun farar hula sun kai miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa. Masu aikin unguwa ba su jira a gama wannan jayayya ba. Sun ɗauka bindiga tana nan, yaron kuma ya san inda zai same ta. Abin da ya rage shi ne a sa shi ya fasa ɗaukowa a daren da ransa ya ɓaci.

Su wa ake nufi da matasan da ke cikin haɗari? Duk ɗan talaka ne?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mafi yawan samarin unguwannin talakawa ba su taɓa harbin kowa ba, ba kuma za su yi ba. Lokacin da masu bincike na jami'ar Harvard suka zauna da 'yan sanda da ma'aikatan unguwa a Boston a tsakiyar shekarun 1990, sun lissafa ƙungiyoyin daba 61 masu mutane wajen 1,300. Ba su kai kashi 1 cikin 100 na matasan birnin ba, amma kusan kashi 60 cikin 100 na kisan matasa yana da alaƙa da su. Daga baya masanin zamantakewa Andrew Papachristos ya bi diddigin wa ya san wa a Shikago, ya gano kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka harba suna cikin wani zagaye na mutane da bai kai kashi 6 cikin 100 na birnin ba.

Ma'ana, wanda ke cikin haɗari na gaske shi ne wanda aka taɓa harbinsa, ko aka kashe abokinsa kwanan nan, ko bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba, ko yana yawo da masu riƙe bindiga. Mai harbi da wanda ake harba sau da yawa irin mutum ɗaya ne, bambancin kawai wa ya riga wa. Shirin da ya tara yara ɗari biyu masu natsuwa yana koya musu ƙwallo abin yabawa ne, amma in bai kai ga mutum ashirin ɗin nan ba, harbi ba zai ragu ba.

A kan me suke kashe juna? Ba rigimar ƙwaya ba ce?

Akwai ta, amma ba ita ce kan gaba ba kamar yadda ake zato. Ma'aikatan unguwa za su gaya maka yawanci raini ne, ko budurwa, ko bashin da bai taka kara ya karya ba, ko wata baƙar magana da aka rubuta a Facebook ko Instagram, jama'a suka gani suka yi dariya. Daga nan sai ramuwa. An harbi ɗan wannan layin, abokansa ba su yarda 'yan sanda za su kamo kowa ba (kuma sau da yawa ba a kamowa), sai su ɗau doka a hannunsu. Waɗancan ma su rama. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, haka gabar za ta yi shekaru har a manta mafarinta, ƙanne su gaje ta daga yayye.

Wa ya fara wannan aiki na shiga tsakani?

Limaman coci da iyaye mata da tsofaffin 'yan daba sun daɗe suna yi ba tare da an ba abin suna ba. Wanda ya tsara shi ya zama hanyar aiki da ake kwaikwaya likita ne, Gary Slutkin. Ya yi yaƙi da tarin fuka a San Francisco, ya yi aikin kwalara a sansanonin 'yan gudun hijira a Somaliya, sannan ya yi aikin cutar ƙanjamau da Hukumar Lafiya ta Duniya a Yuganda da wasu ƙasashen Afirka. Da ya koma gida Shikago a 1995, ya kalli taswirar wuraren da ake harbi, sai ya ga tana kama da taswirar annoba: abu yana taruwa wuri ɗaya, yana tashi daga mutum zuwa mutum.

Sai ya ce to a yi masa abin da ake yi wa annoba. A tare yaɗuwar, a nemo waɗanda suka fi kusa da kamuwa a yi aiki a kansu, sannan a canza abin da unguwa ta ɗauka al'ada ne. A 2000 aka fara a unguwar West Garfield Park da sunan CeaseFire, wato tsagaita wuta. Daga baya ƙungiyar ta koma Cure Violence. Abin lura a nan, dabarar ɗaukar 'yan gari su yi wa 'yan'uwansu magana a wajen yaƙi da annoba ya koye ta.

To me ma'aikacin yake yi a zahiri, daga safe zuwa dare?

Gara a ce daga la'asar zuwa asuba, don lokacin ne rigima ke tashi. Ba ya ɗauke da makami, ba shi da ikon kama kowa. Jarinsa wayarsa da sunansa.

Yakan zaga majalisun samari, shagon aski, bakin kanti, wurin biki, wurin jana'iza. Yana sauraro. In ya ji an yi cacar baki tsakanin wane da wane, ba ya jira. Zai nemi wanda aka ɓata wa rai, ya sa shi a mota su bar unguwar, ya saya masa abinci, ya bar shi ya zazzage abin da ke cikinsa. Zai tuna masa 'yarsa ƙarama, ya tuna masa shekarun da shi kansa ya yi a ɗaure. In akwai wanda yaron ke jin nauyi, kaka ko kawu ko wani babban yaya da ke gidan yari, sai a kira shi a waya. A lokaci guda abokin aikinsa yana can wajen ɗaya ɓangaren. Abin da ake nema farko ba sulhu ba ne, a sayi lokaci ne. Fushin da ya kwana biyu bai kai na daren farko ba. Wani lokaci a ƙarshe a biya bashin, ko a yi yarjejeniyar kowa ya tsaya layinsa, ko a samo wa kowa hanyar janyewa ba tare da an ce ya ji tsoro ba. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin gwanintar, domin yaro da yawa ba ya son harbin, abin da za a ce a kansa in bai yi ba yake tsoro.

Akwai kuma rukuni na biyu na ma'aikata masu riƙe samari kaɗan kowannensu, suna binsu wata da watanni: neman katin shaida, rakiya kotu, komawa makaranta, neman aiki, kai mutum wajen likitan ƙwaƙwalwa. In kuma aka yi harbi duk da haka, sai a tara mutanen unguwa a wurin da abin ya faru su nuna ba su yarda ba, don kada jini ya zama abin da ake tsallakewa a wuce.

Me ya sa ake ɗaukar tsofaffin 'yan daba? Ba a ba kura ajiyar nama ba ke nan?

Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba za a ce babu gaskiya a cikinta ba. An samu ma'aikatan da aka kama da laifi suna kan aiki, a Shikago da Baltimore, har aka dakatar da wasu ofisoshi na ɗan lokaci. Masu suka ba su manta ba.

Amma sai da ɗan gari akan ci gari. Yaron da ke da bindiga a ƙugu ƙarfe biyu na dare ba zai ɗaga wayar malamin jami'a ba. Zai ɗaga ta mutumin da ya san ya taɓa zama abin tsoro a layin, ya yi ɗauri, ya binne abokai, ya dawo ya ce masa hanyar nan ba ta ɓullewa. A ganina haɗarin ɗaukar irin waɗannan mutane gaskiya ne, sai dai maganinsa tantancewa da horo da sa ido da albashin da zai riƙe mutum. In aka ce sai mai tsabtataccen tarihi, an samu ma'aikacin da ba wanda zai saurara.

Suna kai wa 'yan sanda rahoto?

A tsarin Cure Violence, a'a. Ranar da aka san ma'aikaci yana kai tsegumi, ranar aikinsa ya ƙare, wataƙila har da ransa. Wannan ya sa zamansu da 'yan sanda ba ya rasa tsami: ɗan sanda na ganin ga mutum ya san wanda ya yi kisa ya yi shiru, ma'aikacin kuma na ganin shirunsa ne ya hana kisa na gaba.

Amma na ji a Boston da 'yan sanda aka yi. Ba abu ɗaya ba ne?

Sunan ne ya yi kama, don na Boston ma Ceasefire ake kiransa, amma hanyar daban. Labarin Boston ya faro daga wani abin kunya. A watan Mayun 1992, ana jana'izar wani saurayi a cocin Morning Star, sai 'yan daba suka kutsa suka bi wani abokin gabarsu, aka yi harbi, aka daba masa wuƙa a gaban masu makoki. Limaman coci baƙar fata irin su Eugene Rivers da Ray Hammond da Jeffrey Brown suka ce tunda ba su fita titi ba, ga titi ya shigo musu. Suka kafa haɗakar TenPoint, suka riƙa yawo a unguwanni cikin dare.

A 1996 aka fara shirin Operation Ceasefire, wanda mai bincike kan laifuka David Kennedy na cikin waɗanda suka tsara shi. Ana kiran 'yan ƙungiyoyin daba zuwa zaure guda. 'Yan sanda da masu gabatar da ƙara su gaya musu ƙarara cewa ƙungiyar da ta sake yin kisa, hukuma za ta sauka a kan dukansu da duk wata doka da ta samu. Sai uwar da aka kashe wa ɗa ta tashi ta yi magana. Sai limami. Sannan a ce ga lambar waya, duk mai son aiki ko makaranta ya kira. Binciken da aka yi ya nuna kisan matasa ya ragu da kashi 63 cikin 100. Birnin da aka kashe mutum 152 a 1990 ya dawo 31 a 1999. Da aka yi sakaci da shirin bayan shekarar 2000, kisa ya sake hawa. Oakland ta ɗauki wannan hanya a 2012, masu bincike kuma suka danganta ta da raguwar kisan bindiga da kusan kashi 31 cikin 100.

Gaskiya ne akwai garin da ke biyan samari kuɗi don kada su yi harbi?

Haka jaridu suka so su faɗa. Garin Richmond ne a jihar Kalifoniya, mai mutane dubu ɗari da 'yan kai, inda aka kashe mutum 47 a 2007. A shekarar aka buɗe ofishin kula da zaman lafiyar unguwanni ƙarƙashin DeVone Boggan. A 2010 ya gayyato samarin da ake ganin su ne suka fi kusa da yin kisa ko a kashe su. Kowa ya rubuta abin da yake so ya cimma a rayuwa, a haɗa shi da mai kula da shi da ke nemansa kullum. Wanda ya yi wata shida yana ci gaba zai iya samun alawus da bai wuce dala 1,000 a wata ba, na tsawon wata tara. Akwai kuma tafiye-tafiye, da sharaɗin in kana son tafiya mai nisa, da abokin gabarka za ku shiga jirgi. A 2014 kisan garin ya sauko zuwa 11, ko da yake 'yan sandan garin ma sun canza salon aikinsu a wannan lokaci, don haka ba a jingina nasarar ga abu ɗaya. Tsarin ya bazu zuwa wasu garuruwa da sunan Advance Peace.

Me ya kai su asibiti?

Gadon asibiti wuri ne da mutum ke tsakanin abu biyu: tsoron mutuwar da ya tsallake, da shirin ramuwa. Abokansa suna bakin ƙofa suna jiran ya ambaci suna. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar Youth ALIVE! ta Oakland ta fara tura ma'aikata wurin waɗanda aka harba tun suna kwance, su yi magana da shi da danginsa, su ci gaba da binsa bayan an sallame shi. Likitocin tiyata da suka gaji da ɗinke mutum ɗaya sau biyu, sau uku, su ne suka fi goyon bayan abin, yanzu kuma asibitoci da dama a ƙasar suna yi.

Ba aikin yi ne maganin komai ba?

Yana taimakawa. A Los Angeles wani fada na Katolika, Greg Boyle, ya fara nema wa 'yan daba aiki a 1988, ya buɗe gidan burodi a 1992, abin ya girma ya zama Homeboy Industries, inda har goge zanen jiki na ƙungiya ake yi wa masu son fita. A Shikago an gwada ba ɗaliban unguwanni masu rikici aikin mako takwas a hutun bazara na 2012, aka ga kama su da laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin 100 a wata 16 da suka biyo baya.

Sai dai akwai abin da albashi ba ya taɓawa, wato saurin hannu. Shirin Becoming a Man na makarantun Shikago yana da wani wasa: a ba yaro ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa abokinsa yana da daƙiƙa 30 ya karɓo. Kusan kowa kokawa yake kamawa. Bayan an gama sai malamin ya tambaya, wa ya gwada cewa don Allah ba ni? Sai a yi tsit. In aka tambayi mai riƙe da ƙwallon, yakan ce da ya roƙa da na ba shi. Nazari ya nuna kama mahalarta da laifin tashin hankali ya ragu da kusan rabi lokacin da suke cikin shirin, amma tasirin ya dusashe bayan sun fita.

To a taƙaice, abin yana aiki ko ba ya yi?

Wani wuri ya yi, wani wuri bai yi ba, kuma duk wanda ya ce maka ko'ina ya yi talla yake. Binciken kwalejin John Jay na 2017 a Niyok ya nuna raunukan bindiga sun ragu da kashi 37 cikin 100 a yankin Kudancin Bronx da ake aikin, da kusan rabi a unguwar East New York. A Baltimore, inda shirin Safe Streets ya fara a 2007, wasu unguwanni sun ga sauƙi sosai, wasu ba su gani ba. A Pittsburgh an yi wani shiri makamancinsa da bincike bai ga ya rage kisa ba. Hanyar Boston ta fi samun hujjoji masu ƙarfi a rubuce.

Auna abin ma da wuya, don ba a ƙirga harbin da ba a yi ba. Inda aka gaza, dalilan sukan yi kama: an ɗauki ma'aikatan da ba su da ƙima a layin, ko sun koma aiki da yara masu sauƙin kai, ko kuɗi ya yanke a tsakiya.

Wa ke biya?

Birane da jihohi da gidauniyoyi, yawanci shekara-shekara, abin da ke sa ma'aikaci bai san ko yana da aiki baɗi ba. A 2022, bayan kisan yara a makarantar Uvalde ta jihar Texas, majalisar ƙasa ta yi dokar da ta ware dala miliyan 250 don irin wannan aiki. A watan Afrilun 2025 kuma ma'aikatar shari'a ta soke ɗaruruwan tallafi, ciki har da na ƙungiyoyi da yawa masu wannan aiki, wasu suka sallami ma'aikata. Amanar da aka yi shekara uku ana ginawa da yaro ba ta jiran a sabunta kwangila.

Su ma'aikatan ba sa tsoron ransu?

Suna tsoro, kuma da dalili. Tsakanin Janairun 2021 da Janairun 2022 an harbe ma'aikatan Safe Streets uku a Baltimore. Ga kuma gajiyar zuciya: mutum ya yi shekara yana bin yaro, ya samo masa aiki, sannan a kira shi ya zo ya ga gawarsa.

Wannan duk maganar bindiga ce. Inda wuƙa da adda ake yi fa?

An gwada. Birnin Glasgow na Sikotilan ya yi suna da sara da suka, har a 2005 'yan sandan yankin suka kafa sashe na musamman da ya ɗauki tashin hankali a matsayin matsalar lafiyar jama'a. A 2008 suka kwaikwayi zaman zaure irin na Boston, suka haɗa da likitoci da malaman makaranta da tsofaffin 'yan daba. Kisan kai a Sikotilan, wanda ya kai 137 a shekarar 2004 zuwa 2005, ya ragu da fiye da rabi a shekaru goma da suka biyo baya.

Mai karatu a Kano zai tuna da 'yan daba, na Bauchi da sara-suka, na Gombe da kalare, na Damagaram da samarin fale. Makamin ya bambanta, haka kuma rawar da 'yan siyasa ke takawa wajen ɗaukar nauyin waɗannan samari a wajenmu ba ta da tamka a labarin Boston. Abin da ya yi kama shi ne tsarin gabar: mutane kaɗan ne, kowa a unguwa ya san su, kuma harin yau amsar na jiya ne. Masu shiga tsakani ma muna da su, mai unguwa da liman da dattawa da tubabbun da samari ke jin maganarsu. Abin da biranen can suka ƙara shi ne sun mai da shi aiki mai albashi da horo, da mutumin da aka san wayarsa a kunne take ƙarfe biyu na dare, da littafin da ake rubuta rigima nawa aka shiga a wata da yadda kowacce ta ƙare.